Hannun da Ya Shafa Rini Shi Ke Ba Yaro Tuwo

'Ya'yana da jikokina, maza da mata, ina so mu yi magana a kan wani abu da kuke ɗauka ƙarami, wato rinin da ake shafa wa gashi. Na zaɓi in yi maganar da ku, ba da sa'o'ina masu furfura ba, saboda kusan duk rinin da ke shiga gidajenmu ta hannunku yake bi. Kai ake aika kasuwa ka sayo wa Baba na gemu. Ke Hajiya take kira ranar jajibirin salla ki shafa mata a gaban goshi inda fari ya fara leƙowa. Kai ne ɗan koyo a shagon aski, kana dangwala yatsa cikin baƙin ruwa kana gyara wa mutane layin gashi tun hantsi har bayan isha'i. Ke ce a shagon gyaran gashi, ke ce mai yi wa amare ƙunshi. Yanzu ma ku da kanku kun shiga rini, wasu don furfurar wuri, wasu don kai ya yi ja ko ruwan zuma irin na 'yan ƙwallo da mawaƙa.

Ba na cikin masu ƙyamar ado, kuma addini bai hana canza furfura ba. Malamai suna karantar da mu labarin Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, da aka kawo shi gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar buɗe Makka, kansa da gemunsa fari fat, aka yi umarni a canza farin amma a nisanci baƙi. Sayyidina Abubakar da kansa yakan yi rini da lalle da wani ganye da ake kira katam. Nan dattawanmu suka samo jan gemu. Hukuncin baƙin rini akwai saɓani a kansa, na bar wa malamai. Tawa maganar ta jiki ce, wanda shi ma amana ne a hannunmu.

A da, mace ta san abin da ke cikin lallenta domin a gaban idonta aka yi shi. A garka aka tsinko ganyen, aka shanya a inuwa, aka daka, aka tankaɗe, aka kwaɓa da ruwa, wata ta matsa lemun tsami. Yau kuwa abin da ake kira lalle ko rini yana zuwa ne a ƙulle cikin leda ba suna, ko a ɗan kwali mai hoton mace da dogon gashi da rubutun da ba mai iya karantawa a gidan. Mai tallan baro bai san abin da ke ciki ba, wanda ya sarar masa ma bai sani ba. Ba zargin kowa nake yi ba, neman abinci suke. Amma tunda ba wanda ya sani a cikinsu, nauyin tambaya ya dawo kan mai saye.

Akwai wasu ƙarafa da jikin ɗan'adam ba ya da amfani da su ko ƙanƙani, kuma wasunsu in sun shiga sai su yi shekara da shekaru ba su fita ba: dalma, zaiba, kadmiyom da asanik. Akwai kuma nikel da kobalt da kuromiyom, waɗanda ɓarnarsu a fata ita ce ƙaiƙayi da ƙuraje ga wanda jikinsa ba ya ɗaukarsu. Ta hanya biyu waɗannan ke samun kansu a cikin rini. Wani da gangan ake zuba shi domin shi ne ke yin baƙin. Wani kuma gurɓata ce, ya biyo kayan haɗin ba tare da an gayyace shi ba.

Bari in daɗe a kan na gangan, don shi ne ya fi ba ni tsoro. Akwai wani irin rini da aka fi tallata wa maza. Ba a kwaɓa shi, ruwa ne ko mai da ake shafawa kullum da safe, sai furfura ta riƙa yin duhu a hankali cikin mako biyu ko uku, ta yadda abokan zama ba za su iya cewa ga ranar da mutum ya yi rini ba. Wannan rufin asirin shi ne farin jininsa. Sirrin aikinsa kuwa gishirin dalma ne, wanda a jikin kwalba ake rubuta shi da Turanci lead acetate. Ku riƙe wannan sunan, ku riƙa duba shi. Gashin mutum yana da farar wuta a cikin halittarsa, idan dalma ta haɗu da ita sai su haifi wani baƙin abu da ke manne wa gashin, kullum aka ƙara shafawa sai ya ƙara kauri. Wannan baƙin abu, a wajen masana, shi ne dai sinadarin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi tozali. Dabarar ma ba sabuwa ba ce. Girkawa da Rumawa suna kwaɓa dalma da farar ƙasa su rina gashi tun kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, kuma a 2006 wasu masana a Faransa suka sake haɗa wannan tsohon kwaɓin, suka ga yadda baƙin ke tsirowa har cikin silin gashi.

A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA ta tabbatar da izinin sa gishirin dalma a rinin gashi a 1980, da sharaɗin kada dalmar ta wuce kashi 0.6 cikin ɗari. Aka kuma wajabta gargaɗi a jikin kwalba: kada a shafa a kan da ke da rauni, kada a sa wa gashin baki ko gira, a wanke hannu sosai, a ajiye nesa da yara. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Grecian Formula. An yarda da shi ne bisa hujjar cewa lafiyayyar fata ba ta barin dalma ta ratsa sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma wannan gaskiya ne. Sai dai an manta da hannu. A 1997 wani masani mai suna Howard Mielke, na Jami'ar Xavier da ke birnin Niyu Olins, ya bi sawun dalmar bayan an yi shafa. Ya same ta a tafin hannu ko bayan an wanke da sabulu, ya same ta a mataji, a kan famfo, a jikin wayar tarho. Ashe mai rinin ba shi kaɗai ke amfani da shi ba, duk gidan ke tarayya a ciki. Kanada da Tarayyar Turai suka hana shi, suka riga Amurka da fiye da shekara goma. A 2017 ƙungiyoyin kare lafiya suka shigar da koke, FDA ta janye izinin a Oktoban 2018, aka yi ta ja-in-ja, hanin bai fara aiki ba sai 6 ga Janairun 2022. Masu Grecian Formula sun sauya dalmar da wani ƙarfe da ake kira bismut.

Ku lissafa da kanku: daga 1997 zuwa 2022 shekara 25 ke nan, a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji da lauyoyi da jaridu masu bin diddigi. Kuma dokar Amurka ba ta gadin ƙofar Kasuwar Kurmi ko ta Sabon Gari, ba ta gadin kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram. Kaya suna shigo mana daga gabas da yamma, wasu ta tashar ruwa, wasu a jakar matafiya. Tsohuwar dabara ce a wajen masu haɗa garin lalle su ƙara masa gishirin ƙarfe, dalma ko jan ƙarfe ko azurfa, don ya ba da launin da ganye shi kaɗai ba ya bayarwa. Lallen gaskiya launi ɗaya gare shi, ja mai ruwan goro. Duk garin da aka ce muku lalle ne zalla amma yana ba da baƙi wuluk ko shuɗi ko ruwan toka, to an haɗa shi da wani abu, kuma haƙƙinku ne ku san mene ne.

Wannan batu na hannu ya fi shafar mu fiye da Turawan da aka yi binciken a gidajensu. Mu da hannu muke cin tuwo, kuma a kwano ɗaya. Da hannu uwa ke gutsuro loma ta sa wa yaro a baki. Da hannu kaka ke ɓare wa jika gyaɗa. Dattijo yana shafa gemunsa sau ba adadi a yini, sannan ya ɗauki ɗan autan gida ya ɗora a cinya, yaron ya kama gemun ya ja, ya mayar da yatsu baki. Mataji ɗaya ke zagaye kawunan 'yan mata huɗu. Matashin kai da ɗankwali da hula duk suna ɗauka. Ga wani abin da ya kamata ku sani: gishirin dalma zaƙi gare shi a harshe, don haka yaron da ya lasa ba zai tofar ba.

Mu a ƙasar nan ba sai an ba mu labarin dalma daga wata uwa duniya ba. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ƙungiyar likitoci ta MSF ta tarar yara suna ta mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. An riƙa shigo da duwatsun zinariya cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ashe cike suke da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida da kwanon abinci. Yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri.

Ba ina cewa kwalbar rini za ta yi abin da ƙurar ma'adinai ta yi ba. Tazarar da ke tsakaninsu mai girma ce, kuma ba na son in tsorata ku da abin da ba haka yake ba. Abin da Zamfara ta nuna mana shi ne ƙarshen hanyar. Farkonta kuwa ba a ganinsa, shi ya sa ya fi wuyar sha'ani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Hukumar CDC ta Amurka a 2021 ta saukar da ma'aunin da ake fara bincike a kansa ga yara daga maikirogiram 5 zuwa 3.5 a kowace desilita ta jini. Yaro ƙarami yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotsa daga dalmar da suka haɗiya iri ɗaya, kuma in cikinsa ba komai, ko jininsa ya yi ƙaranci, tsotsar ta fi yawa. A wannan ɗan adadin ba zazzaɓi, ba amai, ba suma. Dalma tana aiki ne kamar gara a cikin azara, waje lafiya lau, ciki ana ci. Sai yaro ya shiga makarantar allo ko ta boko a ga ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya, saurin fushi gare shi. A yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi, alhali an rage masa wani abu tun yana rarrafe, kuma abin da ya ɓaci a ƙwaƙwalwa a waɗannan shekarun ba ya dawowa. Wannan shi ne ke hana ni barci in na tuna.

'Yan matana, ku matso kusa, wannan taku ce. Dalmar da ta shiga jini, rabinta kan bar jinin cikin kamar wata guda, amma ba duka ke fita daga jiki ba. Jiki yana ɗaukarta a matsayin sinadarin gina ƙashi, sai ya kai ta ƙashi da haƙori ya ajiye. A jikin babba fiye da kashi 90 cikin ɗari na dalmar a can take kwance, ta shekara ashirin ko fiye. Ranar da mace ta sami juna biyu, jikinta yakan buɗe wannan ajiyar don gina ƙashin ɗan tayi, sai dalmar ta fito tare, ta ratsa mahaifa. Abin da kika tara kina 'yar shekara goma sha bakwai kina koyon gyaran gashi, ɗanki na fari ne zai karɓa. Tana iya jawo ɓari, ko haihuwa kafin lokaci, ko jariri marar nauyi. Ku kuma samari kada ku ce ba ruwanku. A jikin babba dalma tana taimaka wa hawan jini, tana gajiyar da ƙoda, tana rage ƙarfin maniyyi. Dattijon da kuke saya wa rinin, mai yiwuwa dama yana shan maganin hawan jini ko na ciwon suga, ƙodarsa ba ta neman ƙarin kaya.

Hanya ta biyu, ta gurɓata, ba sai na ja ta ba. Ganye yana tsotsar ƙarfe daga ƙasar da ya tsiro, kalar da ake haƙowa daga ƙasa tana zuwa da abokan zamanta, injin niƙa da ganga da ruwan masana'anta duk suna ƙara nasu. Ba a iya kawar da wannan baki ɗaya, shi ya sa ƙasashe ke sa iyaka. Kanada, alal misali, ba ta yarda dalma a kayan kwalliya ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, kadmiyom da asanik kashi 3, zaiba kashi 1. Masana a Jami'ar Jihar Delta da ke Abraka sun auna rinin gashi da ake sayarwa a Najeriya, suka wallafa a 2016, kuma sun sami ɓurɓushin irin waɗannan ƙarafa a ciki. A ganina, rinin kamfanin da ya sa sunansa da adireshinsa, aka yi masa rajista, ba shi ne babban abin tsoro ta fuskar ƙarfe ba. Abin tsoron shi ne wanda ba a san mai shi ba, sai kuma taruwa. Kadmiyom yakan zauna a ƙoda shekara goma zuwa talatin. Jiki ba ya ware wannan daga rini ya zo, wancan daga tozali, wancan daga man bilicin mai zaiba, wancan daga hayaƙin batir da ake fasawa a bayan layi. Duk a wuri ɗaya yake tarawa.

Tunda na ambaci tozali, ga abin da ya faru a birnin Boston a 2011. An auna jinin wani jariri ɗan wata shida, iyayensa 'yan Najeriya, aka sami dalma maikirogiram 13 a kowace desilita. Aka bincika gidan ba a ga komai ba, sai da aka kai ga kwallin da ake sa masa a ido, wanda aka kawo daga Najeriya. Da aka auna, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Na san irin son da ke sa kaka ta ɗauki jariri ta ranbaɗa masa kwalli, ni ma kaka ce. Amma yaro yana murza ido ya sa hannu a baki. A bar idon jarirai haka nan, Allah Ya riga Ya yi musu kwalliya.

Akwai wani abu kuma da ba ƙarfe ba ne, amma ba zan yi maganar rini in tsallake shi ba, domin a leda ɗaya suke zuwa. Shi ne sinadarin PPD, wanda ke cikin mafi yawan baƙin rini mai daɗewa, kuma shi ne ƙarfin dayis ɗin da ake zana wa amare. Dalma a hankali take aiki, wannan kuwa gaggawa gare shi. A Tarayyar Turai ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin ɗari ba bayan an kwaɓa, kuma a gashi kaɗai, ban da zane a fata. A baƙin lallen da ake haɗawa da ka, ba mai aunawa. Fata takan tashi bayan kwana biyu, wani lokaci har bayan mako biyu, zanen ya kumbura ya ɗuri ruwa, ya bar tabo daidai siffar furen da aka zana. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, ya ƙi shi ke nan har abada, ranar da ta rina gashi bayan shekaru sai fuska ta haye, idanu su rufe. Likitocin Sudan, inda aka daɗe ana haɗa shi da lalle, sun san shi farin sani, asibitocin Khartum sun karɓi manya da yara da yawa da ya shiga cikinsu. Wuya da harshe ke kumbura har numfashi ya toshe, fitsari ya yi baƙi, ƙoda ta tsaya, kuma ba shi da makari. Idan yaro ya haɗiyi dayis ko wani rini, kada a tsaya ba shi madara ko manja, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. A ɗauke shi da ledar abin da ya sha a nufi asibiti a lokacin, ko da yana wasa yana dariya, don kumburin kan zo ne daga baya.

Yanzu gare ku masu sana'a. Mai zuwa rini sau ɗaya yake zuwa a wata, ku kuwa hannunku na ciki kullum. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa aikin aski da gyaran gashi cikin sana'o'in da ake kyautata zaton sinadaransu na jawo ciwon daji, alhali ga mai rina kansa jefi-jefi ta ce hujja ba ta isa a yanke hukunci ba. Bambancin yawan taɓawa ne. Na sha ganin yara 'yan koyo da farce baƙi ƙirin da tafin hannu a tsattsage, suna cin awara a bakin shago da hannun nan. Ɗana, safar hannu ta roba ba ta kai kuɗin katin waya ba. In maigidanka bai saya ba, ka roƙe shi cikin ladabi, in ya ƙi ka saya da kuɗinka. Kada ka ci abinci a inda ake kwaɓa rini, kada ka kwaɓa a kofin shayi, a bar ƙofa da taga a buɗe. Ku iyayen gida kuma, yaran nan amana aka ba ku.

Akwai wata al'ada a shagunan aski da nake roƙon a sake dubawa. A gama gyara layin goshi da na gemu da reza, fata ta yi ja, wani wurin har da ɗigon jini, nan take a bi da baƙin rini don layin ya fito. Duk kariyar da fata ke bayarwa ta dogara ne ga kasancewarta lafiyayya, reza kuwa ta riga ta buɗe ƙofa. Haka mata masu sa man miƙar da gashi, kai ya ƙone ya yi ɓawo, sannan a ɗora rini a ranar ko washegari. A bari kai ya warke, a ba shi aƙalla mako biyu. Kuma ki riƙa tambayar mai zuwa wurinki abin da ta taɓa shafawa, domin gashin da ya sha rini mai gishirin ƙarfe in ya haɗu da ruwan koɗar da gashi yana iya ɗaukar zafi, ya koma kore, ya karye a hannunki.

To me za a saya in an aike ku? In lalle ake so, ku nemi ganye ku kai niƙa da kanku, ko ku saya wajen wadda kuka san ita ta daka. Garin lalle na gaskiya kore ne mai ƙamshin ganye, kuma yana ɗaukar sa'o'i kafin ya kama. Wanda ya kama cikin minti goma ba lalle ba ne ke aikin. Wanda ke son ya fi ja duhu, ana bin lalle da garin ganyen baba zalla, sai ya ba da launi mai duhu ba tare da ƙarfe ba. Ganyen nake nufi, ba ruwan karofi ko shunin kanti na rina tufafi ba. Lallen gaskiyar ma ba a sa wa jariri, domin akwai wani ƙarancin sinadari a jini da ake gado, likitoci suna ce masa G6PD, ya yawaita a cikin 'ya'yanmu maza, kuma lalle yana iya farfasa wa mai shi ƙwayoyin jini har ya yi shawara.

In kuwa na kwali za a saya, ku duba sunan kamfani da adireshi, da jerin abin da ke ciki, da ranar lalacewa, da lambar NAFDAC in a Najeriya kuke. Na san ana buga lambar jabu, amma wanda ba shi da ko ɗaya daga waɗannan ya riga ya gaya muku matsayinsa. Araha ba ta ado. A gwada ɗan kaɗan a bayan kunne a jira awa 48 kafin a shafa wa kai, kowane karo, ko da an saba da shi. Ku sani dai wannan gwajin ƙin jinin fata kawai yake nunawa, ba ya nuna ƙarfe. Ƙarfe sai ɗakin gwaji, a jiki kuma sai awon jini. Wanda ya daɗe yana shafa irin rinin nan na kullum, ko yana da ƙananan yara a ɗakinsa, ya gaya wa likita a fili ya nemi a auna dalma, a manyan asibitocin koyarwa ne aka fi samun mai yi ko mai tura mutum inda ake yi. Mai juna biyu da mai shayarwa su haƙura da duk rinin da ba su san asalinsa ba. A kuma ƙosar da yara da wake, zogale, nono, kifi da hanta in an samu, domin jikin da ya ƙoshi da sinadarin jini da na ƙashi ba ya tsotsar dalma kamar mai yunwa. Abinci ba ya fitar da wadda ta riga ta shiga, wannan aikin magani ne a hannun likita.

Saura yadda za ku faɗa wa manya, kuma nan ne nake so ku yi hattara. Mutumin da ke rina furfura yana da dalilinsa. Wani yana neman aiki ne a wurin da ake raina mai farin kai, wani ya yi amarya, wata kishiya aka yi mata, wata kuwa madubi ne kawai ke sa ta kewar ƙuruciya. Kada ka tari mahaifinka a gaban baƙi ka ce Baba guba kake shafawa. Ka bari sai kun keɓe, ka ce, Baba, na ji an ce irin wannan yana bin hannu ya kai ga yara, ko in nemo maka wani? Dattijon da ba zai bar abu don kansa ba yakan bar shi nan take in aka ambaci jikansa. Ke ma in Hajiya ta kira ki shafa, ki zo da safar hannu da tsohon zane da kwanon da ba a cin abinci a ciki, ki ce yara su fita tsakar gida. Ba sai kin yi wa'azi ba, ganin shirinki ya isa ta tambaya.

Kai kuma saurayi ko budurwa da furfura ta fito wa tun ba a kai talatin ba, kafin ka rufe ta ka tambayi dalilinta. Yawanci gado ce, ka dubi kawunanka da baffanninka za ka gani. Amma wani lokaci ƙarancin bitamin B12 ne, ko matsalar ƙululun maƙogwaro da ke sarrafa ƙarfin jiki, kuma shan taba yana gaggauta ta. Waɗannan abubuwa ne da likita ke iya aunawa ya yi magani, rini kuwa sai dai ya ɓoye alamar.

In an gama shafa, ragowar kwaɓin ba a ajiye shi don gobe, ba a zubar da shi a tsakar gida ko gindin bishiyar da yara ke wasa, ba a ɗauraye kwanon a bakin rijiya ko kusa da randa. A ƙulle shi da ledar da safar hannun a jefa inda awaki da yara ba sa kaiwa. Wanda ba a buɗe ba a sa shi a sama cikin abin da ke kulluwa, kada a juye shi a robar lemo ko gwangwanin madara. Tawul da mataji na mai rini su zama nasa shi kaɗai. A wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce, a sake wankewa, kafin a taɓa tukunya ko a ɗauki goyo.